Mikiyar Tsibirin Katalina: Dalilin da Ƙwanta Ya Shekara 20 Yana Fashewa

A 1963 da aka ƙirga mikiya mai farin kai a jihohin Amurka 48 da ke haɗe da juna, wato ban da Alaska da Hawayi, ma'aurata 417 kacal aka samu masu sheƙa. Tsuntsuwar da ke kan hatimin ƙasar tun 1782 ke nan. A 2007, shekarar da aka cire ta daga jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, adadin ya kai 9,789. Ƙiyasin da hukumar kula da kifi da namun daji ta ƙasar ta fitar daga binciken 2018 da 2019 kuwa ya ce tsuntsaye 316,700 ne, cikinsu har da ma'aurata 71,467 masu sheƙa. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce labarin gajere ne, an hana maganin ƙwari na DDT a 1972, mikiya ta farfaɗo. A yawancin jihohi haka ɗin ne. Amma a tsibirai takwas da ke gaɓar kudancin Kalifoniya sai da aka yi shekara 34 bayan hanin kafin ƙwai ɗaya ya ƙyanƙyashe a sheƙa ba da hannun mutum ba.

Tsibiran su ne San Migel, Santa Rosa, Santa Kurus, Anakapa, Santa Barbara, San Nikolas, San Kilemente da Santa Katalina. Biyar na farko gandun ƙasa ne tun 1980. Katalina, wadda ita ce cibiyar lamarin, tana da nisan kusan kilomita 35 daga gaɓar Los Anjalis. A da duka takwas ɗin suna da mikiya, bayanan tarihi sun nuna aƙalla sheƙa 24. Masu kiwon tumaki sun harbe wasu, masu tara ƙwan tsuntsaye sun kwashe na wasu, duk da haka tsuntsuwar ta ci gaba da hayayyafa har ƙarshen shekarun 1940. Zuwa farkon shekarun 1960 babu sauran ko ɗaya mai sheƙa.

Tsuntsuwa mai jinkirin haihuwa

Wanda ya taɓa ganin mikiyar nan mai cin kifi, mai farin kai da farin ƙirji, a fadamun Haɗeja da Nguru ko a bakin tafkin Kainji, ya ga 'yar'uwarta ta kusa, sai dai ta Amurka ta fi girma. Faɗin fikafikanta yakan kai mita 1.8 zuwa 2.3, nauyinta kilo 3 zuwa 6 da 'yan kai, macen kuma ta fi namijin girma da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kan ba ya fari sai ta shekara 4 zuwa 5, kuma a lokacin ne take fara neman miji. Ƙwai ɗaya zuwa uku take yi a shekara, galibi biyu. Uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci na kwana 35, ɗan tsakon kuma yana yin mako 10 zuwa 12 a sheƙa kafin ya tashi.

Babbar mikiya tana iya yin shekara 20 ko 30 a raye, tana komawa sheƙa ɗaya kowace shekara. Wannan ne ya ɓoye matsalar. Mai wucewa yana ganin manya a kan sheƙa, suna gyara kara, suna kwanci, ya ɗauka lafiya lau, alhali babu ɗa ko ɗaya da ke tasowa ya maye gurbinsu. Sai wanda ke hawa ya leƙa cikin sheƙar ne ya gane. Charles Broley, wani ma'aikacin banki ɗan Kanada da ya yi ritaya, ya fara sa wa 'ya'yan mikiya zobe a ƙafa a gaɓar yammacin Fulorida a 1939, ya sa wa fiye da 1,200. A 1958 sai da ya bi gaɓar fiye da mil 100 kafin ya sami ɗan tsako ɗaya. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa auna lafiyar mikiya da yawan manyan da aka gani. Ma'auninsu shi ne 'ya'ya nawa suka tashi daga kowace sheƙa mai ma'aurata. Idan adadin ya gaza 0.7 a shekara, garken yana raguwa ko da ido bai gani ba. Idan ya kai 1.0, an sami lafiya.

Masana'antar Montrose da lakar gindin teku

Kamfanin Montrose Chemical ya yi ta haɗa DDT a masana'antarsa da ke kusa da Torrance, a yankin Los Anjalis, daga 1947 zuwa 1982. Ita ce mafi girma a ƙasar a wannan sana'a, kuma hanin 1972 bai rufe ta ba, tunda amfani da maganin a cikin gida aka hana, ba fitar da shi waje ba. Har zuwa farkon shekarun 1970, ruwan dattin masana'antar yana bin magudanar ƙazantar gunduma ne, ya fita teku ta manyan bututai a White Point, a zurfin kusan mita 60, kan wani tudun ƙarƙashin ruwa da ke gaban Palos Verdes, a gaɓar Los Anjalis. Ƙiyasin da hukumar kare muhalli ta EPA ke ambatawa shi ne tan 1,700 na DDT ya bi wannan hanya. Ban da wannan, an yi shekaru ana ɗaukar wani dattin a jirgin ruwa ana zubarwa a zurfi tsakanin gaɓa da Katalina.

Da aka auna lakar a farkon shekarun 1990, an taras da sauran kusan tan 110 na DDT shimfiɗe a fili mai faɗin murabba'in kilomita 44, tare da kusan tan 10 na sinadarin PCB da wasu masana'antu suka zubar.

DDT ba ya narkewa a ruwa, a kitse yake narkewa. Idan ya shiga jikin halitta yakan rikiɗe ya zama DDE, wanda ya fi shi daɗewa, jiki kuma ba ya iya fitar da shi da sauri. Tsutsotsi da ƙananan halittun laka suna ɗauka. Kifin da ke kiwo a gindin teku ya ci su, har an hana kama irinsa guda don sayarwa a wannan yanki tun 1990. Zakin teku, wata babbar dabbar ruwa mai shayarwa, da tsuntsayen bakin teku su ci kifin shekara da shekaru, gubar tana taruwa a kitsensu ninki-ba-ninki. Mikiya kuwa ba kifi kaɗai take ci ba. Tana kama tsuntsayen teku, kuma ba ta wuce mushe. Mushen zakin teku ɗaya da igiyar ruwa ta jefo bakin gaɓa yana iya ɗora wa mace gubar da kifin watanni ba zai ba ta ba.

Ita kanta ba ta cika mutuwa ba, a mahaifar ƙwai ɓarnar take. A nan ne wani sashe ke kwaso sinadarin kalsiyam daga jini yana gina ɓawo, DDE kuma yana hana shi isa yadda ya kamata. Sai ɓawon ya fito siriri, ƙofofin numfashinsa a hargitse. Binciken da aka yi a kan tsuntsaye masu farauta ya nuna idan kaurin ɓawo ya ragu da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, garke yana fara raguwa. Na ƙwan mikiya da aka tattaro daga jihohi da dama ya ba da ma'auni ƙarara: idan DDE bai kai miligiram 3.6 a kilo ɗaya na ƙwai ba, haihuwa tana tafiya daidai. Tsakanin 3.6 da 6.3 tana raguwa da kusan rabi. Idan ya haura 15, da ƙyar sheƙa take fitar da ɗa.

Mataki na farko: hasumiyar reno, 1980 zuwa 1986

David Garcelon, wanda ya kafa cibiyar nazarin namun daji ta IWS, shi ya fara aikin Katalina a 1980. Lissafin da aka yi ba na wauta ba ne. Shekara takwas da hana DDT, kusan goma da toshe magudanar, tsuntsun pelikan mai ruwan ƙasa, mai cin kifi, da ke Anakapa, wanda shi ma ƙwansa ya yi ta fashewa, ya soma farfaɗowa. Aka ɗauka teku ya wanke.

Dabarar daga masu kiwon shaho aka aro ta. Ana ɗauko ɗan tsako mai kimanin mako takwas daga sheƙar daji a inda mikiya ke da yawa. Na Katalina daga arewacin Kalifoniya da jihar Washinton da lardin Biritish Kolumbiya na Kanada aka kawo su. Mako takwas ɗin ba a banza aka zaɓa ba: ya isa ya yaga nama da kansa, ya riga ya san shi mikiya ne, amma bai fara tashi ba. Idan aka ɗauko shi da ƙuruciya sosai zai saba da mutum, ya girma bai san jinsinsa ba. Ana sa shi a wani akwatin katako a kan dogayen turaku, gabansa da sandunan ƙarfe, yana kallon teku da duwatsun da ake so ya riƙa a matsayin gida. Abinci, kifi da naman daji, ta wata kafa ta baya ake zura shi don kada ya haɗa mutum da ci. Idan ya kai mako 12 sai a sa masa zobe a ƙafa, da tambari mai lamba a fiffike, da 'yar na'urar bin sawu a baya, a buɗe ƙofa. Ana ci gaba da ajiye abinci kusa da hasumiyar na wasu makonni har ya koyi nema. Dalilin duk wannan wahala shi ne mikiya takan dawo yin sheƙa kusa da inda ta koyi tashi.

An saki 33 daga hasumiya uku cikin waɗannan shekaru. Wasu sun ƙetare zuwa babban yanki, wasu sun mutu, amma da yawa sun zauna, suka yi farin kai, suka haɗu biyu-biyu, suka gina sheƙa. A 1987 aka sami ƙwai na farko. Bai daɗe ba ya fashe a ƙarƙashin uwar. Shekarar da ta biyo ma haka. Da aka kai ragowar ɗakin gwaji, DDE ɗin da ke ciki ya ninka ma'aunin haɗari. Tsuntsayen nan da tsabtarsu suka zo daga arewa. A Katalina suka kwashi gubar.

Mataki na biyu: musayar ƙwai

Daga 1989 aka koma sace ƙwan kafin ya fashe. Tun watan Fabrairu masu sa ido ke zama nesa da sheƙa da tabarau mai hangen nesa. Da zarar an ga mace ta kwanta ƙasa-ƙasa ta ƙi tashi, tana juya wani abu da baki, an san ta yi ƙwai, kuma kwanakin da suka rage kaɗan ne.

Isa sheƙar shi ne aiki. Katalina ba ta da manyan bishiyoyi sosai, don haka mikiyoyin a kan tsinin duwatsu da gefen tsaunukan bakin teku suke sheƙa, wasu ba a kai musu da ƙafa. Peter Sharpe, masanin da ya daɗe yana jagorantar aikin a fili, yakan rataya a igiya mai tsawon kusan mita 30 a ƙarƙashin jirgi mai saukar ungulu, matuƙi ya sauke shi a bakin sheƙar, iyayen suna shawagi suna kururuwa a kansa. Ya ɗauki ƙwan ya sa a akwati mai laushin ciki, ya ajiye na roba mai girma da nauyi irin na gaske, jirgi ya ɗauke shi. Dole a gama cikin 'yan mintoci, don idan iyayen suka daɗe a sama suna iya ƙin dawowa.

Ƙwan gaske sai injin ƙyanƙyasa. Shekaru da dama gidan namun daji na San Faransisko ake kai shi, tafiyar ɗaruruwan kilomita da ita ma tana girgiza shi, sai daga 2005 aka kafa wurin ƙyanƙyasa a tsibirin. Zafin injin kusan digiri 37.5 ne. A nan aka gano siririn ɓawo rabin matsalar ne kawai. Lafiyayyen ƙwai yana rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsa a kwana 35, ruwa ne ke fita a hankali ta ƙofofin ɓawo, wurin ya zama ɗakin iskar da ɗan tsakon zai fara shaƙa kafin ya fasa. Ƙwai mai DDE yana zubar da ruwansa da sauri fiye da kima, ɗan ya bushe a ciki ko da ba abin da ya danne shi. Shi ya sa ake ɗora kowane ƙwai a sikeli a kai a kai. Idan nauyi yana sauka da gaggawa a ƙara danshin injin, ko a rufe wani ɓangaren ɓawon da siririn filasta irin na asibiti. Idan aka rufe da yawa kuma iska ta gaza. Ga shi gubar da ke cikin gwaiduwa tana kashe wasu tun kafin a kai ga wannan. Duk da wannan kulawa, mafi yawan ƙwayayen da aka kwaso a shekarun farko ba su ƙyanƙyashe ba.

Wanda ya fito, idan ya yi mako ɗaya ko biyu, sai a sake hawa igiya, a kwashe na roba, a ajiye shi. Iyayen sukan sauko, su tsaya suna dubansa, sannan su fara ba shi abinci kamar su suka ƙyanƙyashe shi. Idan ƙwan sheƙar bai yi ba, sai a kawo ɗan mikiyoyin da ake kiwo a San Faransisko. Lokaci ma yana da iyaka, mikiya za ta wuce kwana 35 a kan ƙwan roba da ɗan abin da ba a rasa ba, amma ba za ta zauna har abada ba.

A faɗi gaskiya, wannan ba magani ba ne, riƙon ƙwarya ne. Amfaninsa shi ne ma'auratan ba su watse ba, kuma kowace shekara ana samun 'yan tsibirin da za su girma. Ranar da aka daina biyan kuɗin jirgi, ranar haihuwa ta tsaya.

Me ya sa dabarar ta ci a wasu jihohi

Jihar Niyok ita ta fara hasumiyar renon mikiya a 1976, a gandun Montezuma, lokacin da ma'aurata ɗaya suka rage mata a tafkin Hemlock, su ma ƙwansu ba ya yi. Zuwa 1988 ta saki 198, yawancinsu daga Alaska. A 1989 ta cim ma burinta na ma'aurata 10, ta rufe shirin, tsuntsayen suka ci gaba da kansu har suka kai ɗaruruwa. Ɗaya daga cikin na farkon, wanda aka sa wa zobe a 1977, sai a 2015 mota ta kaɗe shi yana da shekara 38.

Na Niyu Jazi ya fi kama da na Katalina. Sheƙa ɗaya ta rage a jihar, a dausayin Bear Swamp, shekara da shekaru ƙwanta yana lalacewa. A 1982 aka fara musayar ƙwai irin wannan. A 1989 wata sabuwar mace ta gaje sheƙar, ƙwanta ya ƙyanƙyashe lafiya, aka daina hawa. A 2024 jihar ta ƙirga ma'aurata 293.

Bambancin ke nan. A Niyu Jazi gubar a jikin tsohuwar macen take, da aka sami sabuwa sai zance ya ƙare. A Katalina a cikin abinci take, don haka kowace sabuwar mace da aka kawo, kafin ta kai shekarun haihuwa ta riga ta cika tumbinta da ita. Ko ɗari aka saki, sakamakon ɗaya ne. Alaska kuwa, inda aka riƙa biyan lada ga mai kashe mikiya daga 1917 zuwa 1953 har aka kashe fiye da 100,000, mikiyarta ba ta taɓa shiga jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu ba, domin harbi yana rage manya ne, ƙwan waɗanda suka tsira lafiyarsa ƙalau. Yau tana da kusan 30,000, ita ce ma ta ba sauran jihohi iri.

Gaggafa da alade da yanyawa

Ana cikin fama da ƙwai a Katalina, sai ga wata ɓarnar ta ɓullo a tsibiran arewa, wato ɓangaren San Migel da Santa Rosa da Santa Kurus da Anakapa, ɓarnar da ba wanda ya hango ta. Shida daga tsibiran suna da wata 'yar yanyawa mai nauyin kilo biyu ko kusa da haka, wadda babu ita ko'ina a duniya sai nan. Da rana take yawo a fili, tunda ba ta gaji tsoron komai daga sama ba. Mikiya mai farin kai hankalinta yana teku, kuma ba ta son wani babban tsuntsu a yankinta.

A shekarun 1990 gaggafa mai ƙeyar zinariya, maharbiyar tudu, ta ƙetaro daga babban yanki ta zauna. Sarari babu mai tsaro tunda mikiya ta ƙare a can, abinci kuma ga shi: 'ya'yan aladun da suka zama na daji a Santa Kurus tun zamanin masu gandun kiwo, da 'ya'yan barewa a Santa Rosa. Alade yana haihuwa da yawa, ba ya jin ɗauki ɗai-ɗai. Yanyawa sau ɗaya take haihuwa a shekara, 'ya'ya biyu ko uku. Alade ne ya riƙe gaggafa, yanyawa ce ta biya. A San Migel ta faɗo daga kusan 450 a 1994 zuwa 15 a 1999. A Santa Rosa ma kusan 15 suka rage daga fiye da 1,500. A Santa Kurus ba su kai 100 ba. A 2004 aka sa su a jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, tare da ta Katalina, wadda ita cutar karnuka ce ta kusa ƙarar da ita a 1999.

Gyaran ya buƙaci abu huɗu a tare, kuma tsarin jerinsu ya jawo gardama. Masu lissafi sun yi gargaɗin cewa idan aka kawar da alade gaggafa tana nan, za ta koma kan yanyawa gaba ɗaya. Aka kama sauran yanyawar San Migel da Santa Rosa da wasu na Santa Kurus aka killace su suna haihuwa a keji. Daga 1999 zuwa 2006 aka kama gaggafa 44 da rai, aka kai su arewa maso gabashin Kalifoniya aka saki. Na farkon sun faɗa tarko da sauƙi, na ƙarshen sun waye, har sai da aka bi wasu da jirgi ana harba musu raga. A 2005 da 2006 wani kamfanin maharba daga Niyu Zilan ya raba Santa Kurus gida biyar da shinge, ya bi ɗaya bayan ɗaya da tarko da karnuka da jirgi, ya kashe alade 5,036. Masu kare haƙƙin dabbobi sun kai ƙara, ba su yi nasara ba. Na huɗun shi ne dawo da mikiya mai farin kai.

A 2016 aka cire yanyawar tsibiran arewa uku daga jerin, farfaɗowa mafi sauri da wata dabba mai shayarwa ta taɓa yi a ƙarƙashin dokar kare halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Ana yawan cewa mikiya ce ta kori gaggafa. Wannan ya yi daɗin faɗa fiye da yadda ya tabbata, domin an kwashe gaggafa da hannu, an kuma kawar da abincinta a lokaci guda, ba yadda za a ware rabon kowanne.

Kuɗin shari'a da gardamar 2005

A 1990 gwamnatin tarayya da ta Kalifoniya suka maka Montrose da wasu kamfanoni da hukumomin magudana a kotu. Mikiyar Katalina ta zama shaida, tunda ga ƙwai, ga awon gubar, ga shekarun da ba a sami ɗa ba. An shekara goma ana shari'a. A ƙarshen 2000 aka yi sulhun ƙarshe na dala miliyan 73, wanda ya kai jimillar kuɗin kusan miliyan 140. Wani kaso ya tafi EPA don lakar, wani ya tafi wa kwamitin amintattu na hukumomi shida don gyara abin da aka ɓata.

Amintattun suka ɗauki nauyin gwaji a tsibiran arewa, waɗanda suka fi nisa da bututan. Daga 2002 zuwa 2006 aka saki 'ya'yan mikiya 61 a Santa Kurus, wasu daga San Faransisko, wasu daga sheƙunan daji kusa da Juno a Alaska. Tambarinsu shuɗi ne, na Katalina ruwan lemo, kuma wannan karon na'urar tauraron ɗan'adam aka goya musu. Ita ta nuna inda asara take: a watannin farko wasu kan nufi babban yanki, fiffike bai yi ƙwari ba, su gaji a tsakiyar mashigin ruwa su faɗa.

A 2005 amintattun suka ce za su janye kuɗi daga musayar ƙwan Katalina. Hujjarsu ita ce shekara 16 ana yi, gubar ba ta sauka yadda za a dogara ba, gara a kashe kuɗin inda tsuntsu zai iya tsayawa da ƙafarsa. Masu kula da Katalina suka ce tsibirin da ya fi shan wahalar gubar, wanda da shaidarsa aka ci shari'a, shi za a yasar. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa a kan abin da aka sani a lokacin.

Ran 12 ga Afrilu 2006 ƙwai ya ƙyanƙyashe a sheƙar Pelican Harbor da ke Santa Kurus, ba wanda ya taɓa shi. Rabon tsibiran arewa da ɗan mikiya tun na Anakapa a 1949. Aka ba ta lamba A-49. Iyayenta ba sa cikin 61 ɗin nan. K-10 da K-26 ne, masu tambarin ruwan lemo, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a San Faransisko aka ba iyayen riƙo a Katalina, suka girma suka ƙaura arewa. Shirin da ake shirin rufewa shi ya samar da su. A 2007 aka yi ƙundumbala aka bar ƙwai a sheƙa biyu a Katalina, duka huɗun suka fito. Daga 2009 aka daina ɗaukar ƙwai kwata-kwata.

Ba wai an kwashe lakar ba ne. A 2000 EPA ta gwada rufe wasu 'yan filaye da yashi mai tsabta, amma babban aikin rufewar bai gudana ba. Awon 2009 ya nuna kusan tan 14 kawai, abin da ya ba masana mamaki, awon da ya biyo baya kuma ya ba da adadin da ya fi haka. Sabuwar laka tana binne tsohuwa, ƙwayoyin halitta suna narkar da wani kaso, igiyar ruwa tana watsa wani. Abin da ke kaiwa bakin mikiya ya ragu har ya sauka ƙasa da inda ɓawo ke fashewa, a yawancin sheƙuna, ba duka ba. Ma'auratan da suka fi cin kifi sun fi waɗanda suka fi cin mushe da tsuntsayen teku samun 'ya'ya, ko da tsibirinsu ɗaya.

Inda aka tsaya

Anakapa ta sami ɗan tsako a 2011, San Kilemente ta sami sheƙa a 2014. A 2018 ma'aurata 20 a tsibirai biyar suka tayar da 'ya'ya 19, wato 0.95 ga kowace sheƙa, sama da 0.7 da ke riƙe garke, dab da 1.0 da ake nema. Garke mai ma'aurata 20 dai ƙarami ne, mummunar shekara biyu a jere tana iya taɓa shi, don haka ba a daina bi ba. Idan 'ya'ya suka kai kimanin mako takwas ana hawa a sa musu zobe, a auna baki da ƙafa don sanin mace ko namiji, a ɗebi jini. Ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba da ɓawon da ya fashe ana kwashe su zuwa ɗakin gwaji, da ƙasusuwa da gashin da ke gindin sheƙa, waɗanda su ke nuna abin da ma'auratan ke ci.

Jinin da ake ɗiba ya tono wata gubar daban. Mikiyoyin da ke zuwa Santa Rosa lokacin farautar barewa suna cin kayan cikin da maharba suka bari, harsashin dalma kuwa yana tarwatsewa ƙanana-ƙanana a cikin nama, ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa ya isa ya kashe babba. An kawar da barewar tsibirin a ƙarshen 2011, Kalifoniya kuma ta hana harsashin dalma a kowace irin farauta daga 1 ga Yuli 2019. A sauran ƙasar, hanin gama-gari da gwamnatin tarayya ta yi a 1991 farautar agwagin ruwa kaɗai ya shafa. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya auna tsuntsaye 1,210 daga jihohi 38, ya taras kusan rabin mikiyoyin suna da dalmar da ta daɗe tana taruwa a ƙashinsu, abin da ke rage ƙaruwar garken mai farin kai da kusan kashi 4 cikin ɗari a shekara. Matasan tsibiran kuwa sukan yi yawo har Oregon da Washinton da Kanada kafin su dawo gida yin sheƙa, dokar Kalifoniya ba ta bin su can.